Daga “Kuka” Zuwa “Hodar Iblis”: Asalin Kalmar Koken da Abin da Za Mu Gaya wa Ɗalibanmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na Ranar Yaƙi da Shan Miyagun Ƙwayoyi ta Duniya, 26 ga Yuni



Tun shekarar 1987 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wannan rana domin tunatarwa kan illar miyagun ƙwayoyi. Bisa al’ada, likita ko jami’in tsaro ake gayyata ya yi magana a irin wannan zama. Mu kuwa malaman aji ne, kalma ce kayan aikinmu, saboda haka kalma guda muka ɗauko za mu warware a gabanku: koken, wadda Bature ke rubutawa cocaine, Bahaushe kuma ya laƙaba mata hodar iblis.

Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne wani labari da abokin aikinmu mai koyar da kimiyya ya ba mu a ofishin malamai. Wani ɗalibinsa na babbar sakandare ya ji rauni a ƙafa wajen ƙwallo, aka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki. Kafin a fara, aka yi masa allurar kashe zafi, shi kuwa yaro mai ido, ya karanta abin da ke jikin kwalbar, ya ga an rubuta lidocaine. Da ya dawo makaranta sai ya ɗaga hannu a tsakiyar darasi ya ce, “Malam, wannan ba ’yar’uwar koken ba ce? Ashe hodar iblis aka tsira mini?” Aji ya kwashe da dariya, malam ya tsawatar, aka ci gaba da karatu. Amma daga baya ya gaya mana cewa abin ya tsaya masa a rai, domin ya tsawatar ne saboda ba shi da cikakkiyar amsa. Kunnen yaron bai yaudare shi ba, akwai dangantaka tsakanin sunayen biyu. Wannan jawabi ƙoƙari ne na biyan bashin amsar da yaron yake bin mu duka.

Inda kalmar ta fito

Kalmar cocaine haɗin gaɓoɓi biyu ce: coca, sunan wata itaciya, da ɗafin -ine da masana kimiyya suka liƙa mata. Mu fara da itaciyar. Mahaifarta tsaunukan Andis ne na Amurka ta Kudu, inda ƙasashen Peru da Bolibiya da Kolombiya suke a yau. Ba ta da girma, tsayinta mita 2 zuwa 3 ne, ganyenta ya yi kama da na shayi. A harshen Kecuwa, wanda shi ne harshen daular Inka kuma har gobe miliyoyin mutane ke magana da shi, sunanta kuka. Sifaniyawa ne suka ji wannan suna suka rubuta shi coca, daga wurinsu ya bazu zuwa sauran harsunan Turai.

Mun san jin “kuka” zai sa wasu murmushi. To, sai mu yi hattara. Babu abin da ya haɗa kukar mutanen Andis da bishiyar da muke miya da ganyenta, ko kukan da ake yi da hawaye. Dacewar sauti ce kawai, kuma wannan ma darasi ne ga malaman harshe: kamar furuci ba ta tabbatar da asali ɗaya. Haka nan babu alaƙa tsakanin koka da koko. Kokon da ake noma a kudancin ƙasar nan a yi cakulan da shi wata bishiya ce dabam, sunanta kuma daga harshen mutanen Meziko na dā ya samo asali, balle kokon da muke sha da ƙosai da safe. Ɗalibai sukan ruɗa waɗannan sunaye, ya kamata mu raba musu su.

Masu tonon kayan tarihi sun sami shaidar tauna ganyen koka a arewacin Peru tun kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Yadda ake yi shi ne a dunƙula busasshen ganye a cusa a kumatu, a haɗa da ɗan farar ƙasa ko toka domin ta fito da ƙarfinsa, kwatankwacin yadda wasu tsofaffinmu ke haɗa garin taba da kanwa. Yana rage yunwa da gajiya, yana sauƙaƙa jiri da ciwon kan da ke kama mutum a kan tsauni mai tsawo inda iska ta yi ƙaranci. Matsayinsa a wurinsu ya yi kusa da matsayin goro a wurinmu: da shi ake tarbar baƙo, ana raba shi wurin neman aure da wurin makoki, ana kuma dafa shi a sha kamar shayi. Sinadarin koken da ke cikin busasshen ganye yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma a hankali yake tsatsafowa cikin jini.

A shekarar 1532 Sifaniyawa suka far wa daular Inka. Da farko sun ƙyamaci ganyen. Shugabannin coci sun yi tir da shi a tarukansu na birnin Lima, a shekarar 1569 kuma sarkin Sifen, Philip na Biyu, ya fitar da takardar umarni wadda ta kira ƙarfin da ake cewa ganyen na bayarwa ruɗin Shaiɗan. Ashe an riga Bahaushe jingina wannan tsiro ga Iblis da shekara ɗari huɗu. Amma duk da haka ba a hana shi ba. Tun 1545 an gano dutsen azurfa na Potosi, a ƙasar Bolibiya ta yanzu, mai tsawon fiye da mita 4,000 sama da teku, inda ake tilasta wa ’yan ƙasa haƙa cikin sanyi da yunwa. Masu ma’adinai sun lura cewa mahaƙi in yana da ganye a kumatu yakan daɗe bai nemi abinci ba, bai nemi hutu ba. Sai cinikin koka ya zama babbar sana’a, hukuma ta ɗora masa haraji, coci ma ta riƙa karɓar ushirinta daga cikinsa. Mu riƙe wannan hoto na lebura da ake bai wa abin da zai hana shi jin gajiya, za mu komo kansa.

Yadda ganye ya koma gari

Rabin sunan na biyu a Jamus aka raɗa shi. A ƙarni na 19 masana harhaɗa sinadarai sun duƙufa wajen tace tsirrai domin ware ainihin abin da ke aiki a cikinsu, kuma duk wanda suka ware sai su ƙara wa sunansa -ine. Daga nan aka sami nicotine na taba, wanda ya ci sunan Jean Nicot, jakadan Faransa da ya aika taba gida daga Fotugal, da morphine, wanda aka sa wa sunan gunkin mafarki na Girkawa, da caffeine na kofi, wanda shi ne ke cikin goro yake hana mu barci. Har kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, a wannan layi yake, kuma shi ma tushen sunansa kalmar Kecuwa ce mai nufin ɓawon itace. Wato harshe guda na mutanen tsauni ya bai wa duniya sunan maganin da ya ceci miliyoyi da sunan garin da ya hallaka miliyoyi.

A shekarar 1855 wani Bajamushe, Friedrich Gaedcke, ya fara tace wani abu daga ganyen koka, ya sa masa suna dabam wanda bai karɓu ba. Bayan shekara huɗu jirgin ruwan bincike na ƙasar Ostiriya mai suna Novara ya dawo daga zagaya duniya, wani masani da ke cikinsa, Karl von Scherzer, ya kawo tarin ganyen, aka aika wa Farfesa Friedrich Wöhler a Jami’ar Göttingen. Shi kuma ya miƙa wa ɗalibinsa Albert Niemann ya yi aikin digirinsa na dakta a kai. A shekarar 1860 Niemann ya fitar da tsantsar sinadarin, fari mai ƙyalli, ya haɗa coca da ɗafin nan ya kira shi Cocaïn. Ya rubuta cewa yana da ɗaci, kuma in ya taɓa harshe sai harshen ya mutu na ɗan lokaci. Niemann ya rasu a shekarar da ta biyo baya yana ɗan shekara 26, bai san abin da sunan da ya raɗa zai zama ba.

To, ma’anar kalmar ke nan a asali: abin da aka tace daga koka. Suna ne na ɗakin gwaje-gwaje, yana faɗin inda abu ya fito, ba ya yabo, ba ya gargaɗi. Amma tazarar da ke tsakanin ganyen da garin babba ce. Sai an tara ɗaruruwan kilo na ganye kafin a sami kilo ɗaya na gari. Abin da manomin Andis ke tsotsa kaɗan-kaɗan cikin yini guda, mai shaƙar gari yana tura ninkin-ba-ninkinsa zuwa ƙwaƙwalwa cikin ’yan mintoci.

Lokacin da ake kiran sa magani

Shekarar 1884 ita ce shekarar da koken ya shahara. A birnin Biyana, wani matashin likita, Sigmund Freud, wanda daga baya ya yi suna a nazarin halayyar ɗan Adam, ya wallafa maƙala yana yaba shi a matsayin maganin kasala da baƙin ciki da ciwon ciki, har da raba mutum da jarabar mofin. Abokin aikinsa Karl Koller, likitan ido, shi kuwa mutuwar harshen nan ce ta ja hankalinsa. Ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo, sa’an nan a idonsa shi kansa, ya ga ana iya taɓa ƙwayar ido ba a ji komai ba. A watan Satumba na wannan shekara aka karanta sakamakonsa a taron likitocin ido a Heidelberg. Kafin wannan rana, mai yanar ido ko dai a danne shi a yi masa aiki yana ji, ko a sa shi barci da maganin da ke jawo amai bayan farkawa, aman kuma ya lalata aikin. Koken ne abu na farko da ya ba likita ikon kashe zafi a wuri guda alhali majiyyaci yana farke. Nan da nan William Halsted a Amurka ya nuna cewa in an yi allurarsa kusa da jijiya, duk yankin da jijiyar ke kula da shi zai mutu. A shekarar 1898 August Bier a Jamus ya yi allurarsa a ƙashin baya, ya yi tiyata a ƙafa mutum yana ido biyu. Duk uwar da aka yi wa tiyatar haihuwa da allurar baya tana cin gajiyar hanyar da aka buɗe a wannan rana.

’Yan kasuwa ba su jira likitoci ba. Tun 1863 Angelo Mariani yake sayar da giya mai ganyen koka a Faris, manyan mutanen Turai suna yi masa shaida, har Paparoma Leo na 13 ya ba shi lambar zinariya. A Amurka an sayar da koken a kantunan magani ba tare da takardar likita ba, a matsayin maganin mura da asma da ciwon haƙori, har da na yara. A shekarar 1886 wani mai harhaɗa magunguna a birnin Atlanta, John Pemberton, ya haɗa wani abin sha da ganyen koka da goro, aka sa masa suna Coca-Cola. Rabin farko na sunan na mutanen Andis ne, rabi na biyu namu ne na Afirka ta Yamma, domin cola shi ne goron da fatakenmu suka yi ƙarnoni suna ɗaukowa daga Gwanja. A farkon ƙarni na 20 kamfanin ya cire koken daga cikin lemon.

Ba a daɗe ba sakamako ya fara bayyana, kuma a kan waɗanda suka fi kowa ilimi ya fara. Abokin Freud, Ernst von Fleischl-Marxow, wanda aka bai wa koken domin ya rabu da mofin, ya ƙare da jaraba biyu maimakon ɗaya, ya rasu a 1891 yana da shekara 45. Halsted, wanda ake lissafa shi cikin iyayen tiyatar zamani, ya kamu garin gwaji a jikinsa, aka kwantar da shi asibiti fiye da sau ɗaya, ya ƙare rayuwarsa bai rabu da mofin da aka musanya masa da shi ba. Idan farfesan tiyata bai iya riƙe linzamin wannan abu ba, yaron da ke cewa “sau ɗaya kawai zan gwada” ya san inda ya tsaya.

Ganin haka masana suka shiga neman abin da zai kashe zafi ba tare da ya taɓa hankali ba. A shekarar 1905 aka fito da wanda Alfred Einhorn ya haɗa a Jamus, aka sa masa Novocain, wato sabon koken, ko da yake babu ganyen koka ko ɗaya a cikinsa. A 1943 aka haɗa lidocaine a ƙasar Suwidin. A nan wani abin sha’awa ya faru ga kalmar kanta. Asalinta coca da -ine ne, amma masu raɗa sababbin sunaye suka yanka ta a wata gaɓa dabam, suka ciro -caine suka mayar da shi alamar duk maganin da ke kashe zafi a wuri guda. Wannan ita ce amsar ɗalibinmu. Allurar da aka yi masa ta gaji wutsiyar sunan koken da aikinsa na kashe zafi, amma ba daga ganyen aka yi ta ba, ba ta bugarwa, ba ta sa jaraba. Shi kansa koken har yau likitocin hanci da maƙogwaro a wasu ƙasashe suna amfani da shi jefi-jefi wurin tiyata, ƙarƙashin tsauraran dokoki, saboda yana kashe zafi kuma yana tsuke hanyoyin jini ya rage zubarsa.

Abin da yake yi a jiki

Ya kamata kowane malami ya iya bayanin wannan cikin minti biyu. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dofamin, wanda ke fita idan mutum ya ci abinci mai daɗi ko ya ci jarrabawa, shi ne ke sa a ji farin ciki. Da ya gama aikinsa sai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su janye shi su adana. Koken yana toshe wannan hanya ta janyewa, sai dofamin ya taru ya yi ambaliya. Mutum ya ji ƙarfi da surutu da ganin ya fi kowa, barci da yunwa su ɗauke. Ga mai shaƙa, wannan ba ya wuce minti 15 zuwa 30, ga mai zuƙar hayaƙinsa ma bai kai haka ba. Daga nan sai faɗuwa: kasala, ƙunci, fushi, da ƙishirwar a ƙara. In aka daɗe ana yi, ƙwaƙwalwa takan rage jin daɗin komai, har abinci da hira da iyali su zama lami, sai garin kaɗai.

Tsuke hanyoyin jinin nan da ke amfanar likita shi ne ke kisa a waje. Jini yana hawa, zuciya tana gudu alhali hanyoyin da ke ciyar da ita sun ƙuntata, sai ka ji saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci a karon farko. Mai yawan shaƙa yakan wayi gari guringuntsin da ya raba ƙofofin hancinsa ya huje. Wasu sukan shiga zargin kowa, su ji kamar ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsu. Bugu da ƙari, abin da ake sayarwa a ɓoye gauraye yake. Cikin abubuwan da aka fi samun an cakuɗa shi da su har da levamisole, maganin tsutsar ciki da ake ɗura wa dabbobi.

Doka da taƙaddamar suna

A shekarar 1912 aka sa hannu kan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta farko a birnin Heg wadda ta taƙaita cinikin koken, Amurka ta bi da tata dokar a 1914. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta wuce nan, ta sa ganyen da garin a jeri guda, ta nemi a daina tauna ganyen cikin shekara 25. Mutanen Andis suka ce an zalunce su da suna, taken da suka riƙe shi ne koka ba koken ba ce. A shekarar 2009 shugaban Bolibiya, Evo Morales, wanda shi kansa tsohon manomin koka ne, ya tauna ganyen a gaban taron Majalisar a Biyana. Ƙasarsa ta fice daga yarjejeniyar, ta sake shiga a 2013 bisa sharaɗin a bar mutanenta su tauna ganyensu a gida. Mu ƙaddara a ce wasu sun tace wani abu daga goro sun lalata shi, sa’an nan duniya ta taru ta haramta mana raba goron ɗaurin aure. Haka abin yake a idonsu.

Sunan da Bahaushe ya raɗa

Yanzu mu komo gida. Hodar iblis kalmomi biyu ne na aro. Hoda daga Ingilishi take, ita ce wadda mata ke shafawa, Iblis kuma daga Larabci, Hausa ta ɗaure su da ɗan harafinta na mallaka. Niemann ya ba da suna mai faɗin asali, Bahaushe ya ba da suna mai yanke hukunci. Suna linzami ne, kuma wannan linzami ya yi aiki, domin babu yaron da zai ji shi ya zaci abin kirki ne.

Sai dai sunan yana da giɓi biyu. Na farko, ba ya tantancewa. Sau da yawa akan kira kowane farin gari da shi, har da hirowin, alhali hirowin daga wani tsiro dabam ake samun sa, kuma aikinsa kishiyar na koken ne: wannan yana zaburar da jiki, wancan yana kwantar da shi har numfashi ya tsaya. Giɓi na biyu ya fi girma. Da muka tattara Iblis gaba ɗaya muka ɗora wa gari guda, sauran sun tsira da sunaye masu sanyi.

Ga abin da alƙaluma suka nuna. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, ’yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta’ammali da wani abin maye ban da giya da taba cikin shekara guda. Masu wiwi miliyan 10.6 ne, masu ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramol miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4. Masu koken kimanin 92,000 ne. Koken yana da tsada, ba shi ne ke aljihun yawancin ɗalibanmu ba. Abin da ke aljihunsu ana kiran sa maganin tari, maganin ciwon jiki, maganin gajiya. Da irin wannan suna koken ya shiga gidajen Turai da Amurka shekara 140 da suka wuce, a kwalba mai tambari, daga kantin magani, da yabon likitoci. Leburan da ke haɗiyar tiramol da asuba domin ya yini yana dako ko haƙar ma’adinai bai ji gajiya ba, ɗan’uwan mahaƙin Potosi ne. Sai a shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan ya riga ya yi ɓarna a gidaje da makarantu, har cikin ’yan mata da matan aure.

Wannan ba ya nufin koken ya yi mana nisa. Ba a noma shi a nan, amma yankinmu ya zama zangonsa tsakanin Amurka ta Kudu da Turai. A watan Afrilu na 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas kan laifin miyagun ƙwayoyi. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. A ƙarshen 2009 an tsinci ƙonannen jirgin sama ƙirar Boeing 727 a hamadar arewacin Mali, wanda masu bincike suka danganta da jigilar koken. A farkon 2022 jami’an Nijar sun kama fiye da kilo 200 a yankin Agadas, a watan Satumba na shekarar kuma NDLEA ta kama tan 1.8 a wani ɗakin ajiya a Ikorodu. Haɗarin da ya fi kusa da iyalanmu shi ne dako. Mu mutane ne masu karɓar saƙo, in za ka yi tafiya maƙwabci ya ce ga ’yar jaka ka kai wa wane, kunya ta hana ka buɗewa. Masu safara sun san wannan hali namu. Akwai kuma matasan da ake yaudara da kuɗi su haɗiye ƙulli-ƙulli, wanda in ɗaya ya fashe a ciki sai gawa. Ƙasar Saudiyya, inda mutanenmu suke yawan zuwa, hukuncin kisa take yankewa kan safarar ƙwaya.

Abin da ya rage gare mu

’Yan’uwa malamai, muna roƙon abu huɗu. Idan yaro ya yi tambaya kan ƙwaya, kada mu ɗauka shaida ce cewa yana sha, mu amsa masa da gaskiya, in ba mu da amsar a ranar mu ce ya ba mu zuwa gobe. Yaron da aka tsawata wa a aji zai sami mai ba shi amsa a bayan makaranta, kuma mun san ko wane ne. Na biyu, kada mu yi ƙari domin tsoratarwa. Gaskiyar abin da koken ke yi wa zuciya ta isa, kuma duk ranar da yaro ya kama mu da ƙari guda, ya daina yarda da sauran. Na uku, wannan tarihi yana da gurbi a darussan da muke koyarwa: malamin Hausa yana da kalmomin aro, malamin kimiyya yana da dofamin, malamin tarihi yana da Potosi, malamin labarin ƙasa yana da hanyar da ta taso daga Andis ta ratsa Sahara. Na huɗu, ɗalibin da muka ga alamun ya faɗa, mu nemi iyayensa a asirce mu haɗa su da asibiti, domin jaraba ciwo ce da ake jiyya, kora daga makaranta kuwa miƙa shi ne ga dillali.

Iyaye da ke wannan zaure, ku ma ku duba kwalaben da ke ɗakunanku, ku san abin da ’ya’yanku ke saya a kantin magani da sunan mura, kada kuma wani naku ya ɗauki jakar da bai ga cikinta ba, ko ta wace ce.

Abokin aikinmu ya koma ajinsa ya ba yaron nan amsa, ya ce a ranar har aka buga ƙararrawa hannuwa ba su daina tashi ba. Muna fata kowannenmu zai sami irin wannan darasi a zangon karatu mai zuwa.